Tsinken da Na Wanke a Kududdufi

Na fi shekara uku ina cewa zan rubuta wannan, ina fasawa. Sau biyu na sayi littafin rubutu, na cika shafi ɗaya, na yage. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina tsoron in faɗi abin da ba daidai ba a kan aikin masu ilimi, ko in ambaci mutum ba da yardarsa ba. Har yanzu ban tabbata na kyauta da na rubuta ba. Amma ido ya fara rauni, kuma akwai mutumin da nake nema.

Abin da ya tunzura ni shi ne hirar wasu samari a bakin shagon caji a nan Bacirawa, inda nake zaune yanzu. Ɗayansu ya ji an ce da can aikina shi ne tsintar kashin namun daji ina kai wa likitocin dabbobi su duba, sai ya riƙe ciki yana dariya.

"Baba Sale, tsakani da Allah, wannan ma sana'a ce? Ka tsinci kashi a biya ka? Ai ni gobe zan fara, awakin gidanmu sun ishe ni."

Na ce masa, "To kashin zomo da na ɗan akuya, in an ajiye maka su a tafin hannu, za ka raba?"

Ya ce, "Kashi ai kashi ne, Baba."

Ban yi fushi ba. Ni ma da haka na ɗauka.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Tsanyawa, ba zan faɗi sunansa ba. Wanda ya san wajenmu ya san babu daji. Gona tana manne da gona, gida yana hango gida. Mutanen birni suna tsammanin inda babu daji babu naman daji. Akwai su, sai dai sun koyi zama a tsakaninmu. Kurege yana gindin shingen gona, gafiya tana ƙarƙashin rumbu, bushiya tana cikin tarin kara, zomo yana kwance a kunyar wake. Inda suka fi yawa kuwa shi ne maƙabarta, don ita kaɗai ce garma ba ta shiga.

Wanda ya koya min waɗannan shi ne Baba Tanko mai tarko. Gidansa ne na ƙarshe a ƙauyen, a kan hanyar kududdufi. Na fara binsa ina saurayi, bayan rasuwar mahaifina, don gonar da aka raba mana ba ta kai ta ciyar da mutum ba. Manoma ne masu kiransa. In kurege ya addabi gyaɗa ko gafiya ta huda rumbu, sai a aiko. Abin da ya kama na ci, kamar zomo, ya ƙyafe ya kai kasuwa. Matarsa Inna Kande kuma tana sayar da daddawa. Ba su da ɗa a raye.

Shekarata ta farko bai bar ni na taɓa waya ba. Kashi kawai yake nuna min. Ya tsuguna, ya sa tsinke ya juya, ya ce, "Waye wannan?" In na ce zomo, sai ya ce, "To jeka ɗana wa akuyar Malam Idi tarko, mu ga yadda za ku ƙare." Na zomo dunƙule yake kamar gurjiya, in ka fasa ka ga ɗanyen zaren ciyawa. Na ɗan akuya yana da ɗan tsini a gefe guda da ɗan lotsawa a ɗaya gefen, kuma santsi gare shi. Na bushiya baƙi ne mai ƙyalli, da fukafukan ƙwari a ciki. Gafiya kuwa tana da tsafta irin tata, wuri ɗaya take zuwa kullum, nata dogo kamar ƙwallon dabino. Baba ya ce wanda bai iya karanta kashi ba, tarkonsa iska zai kama.

Aikin da ya fara sakar min shi ne rumbun wata tsohuwa, Gwaggo Asabe. Ta ce ɓeraye sun cinye mata dawa. Na zagaya rumbun sau uku, ban ga kashin ɓera ba, sai irin dogon nan a tare a gindin wata bishiyar zogale, taku goma daga rumbun. Na bi sawu na sami ramin a ƙarƙashin tsohon turmi. Na ɗana wayar da ɗaurin da Baba ya koya min, wanda ban taɓa ganin wani yana yi ba: a nannaɗe wayar sau biyu, a mayar da bakinta baya ta cikin nannaɗin, a lanƙwasa ƙarshen kamar ƙugiya don kada ya soki hannun yaron da ya tsinta. Da safe gafiya tana ciki. Gwaggo ta ba ni mudun dawa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka, amma ka wanke hannu kafin ka taɓa min ƙofa."

Wannan maganar ta wanke hannu ta bi ni duk rayuwata. A wajen suna ko ɗaurin aure, nawa tuwon a kwano daban ake zuba min. Ba wanda ya taɓa cewa in tashi, kawai sai in ga an miƙo. Na saba. Ni kuma dama mutum ne mai yawan kokwanto a kan tsarki. Nakan sake alwala sau biyu in zuciyata ba ta kwanta ba. Na je wurin limaminmu na tambaye shi hukuncin kashin kowace dabba ɗaya bayan ɗaya, har ya ce, "Sale, ka bar ni in ci abinci." Ina da rigar aiki da rigar salla, ba su taɓa haɗuwa a ƙusa ɗaya ba.

Na yi shekara goma sha biyu tare da Baba kafin Dakta Sa'adatu ta zo. Likitar dabbobi ce daga birni, mai bincike. Ranar kasuwar Tsanyawa ta zo layin masu kaji tana tambayar mai tarko, aka nuna mata mu. Ta ce ba nama take so ba, kashi take so. Baba ya dube ta ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ko dai zolaya ce?" Ta yi dariya ta ce akwai wasu ƙwayoyin cuta da ke zama a hanjin dabbobi da na mutane, ba tsutsar ciki ba ce da ake gani, su ido ba ya ganinsu sam sai da madubin asibiti. Suna sa zawo mai daɗewa, yaro ya rame. Tana so ta san ko namun dajin da ke zaune kusa da mutane suna ɗauke da su. Baba bai iya boko ba, ni na iya rubuta suna da kwanan wata. Shi ya sa kwalaben suka faɗo hannuna.

Ga kayan aikin, ga wanda yake ganin wasa ne. Ƙananan kwalaben roba masu murfi. Ruwan magani mai warin da ke sa hawaye, wanda ke hana kashin lalacewa. Safar hannu. Kula, wato akwatin sanyi, da ƙanƙara a ciki. Fensir, ba biro ba, don ruwan maganin yana wanke tawada. Sai tsinken katako mai faɗi, irin wanda likita ke danna harshe da shi. Dokoki uku ta ba ni, ta sa na maimaita: a ɗebo daga saman kashin, ban da inda ya taɓa ƙasa, ruwan magani ya rufe shi gaba ɗaya, tsinke ɗaya kwalba ɗaya, a jefar.

Lokacin aikin ɗan kaɗan ne. Daga sallame sallar asuba zuwa rana ta kai tsayin kara. In ka makara, buzuzu da tururuwa sun riga ka, ko rana ta busar. Ni kaɗai nake fita, don ƙafar Baba ta fara ciwo. In hau keke, kula a baya, in bi iyakokin gonaki ina kallon ƙasa. Mutane suna wucewa zuwa gona su biyu su uku suna hira, su ɗaga min hannu daga nesa: "Sarkin kashi, an fito fada?" In ce an fito. A maƙabarta sai da na nemi izinin liman. In tsaya a bakin ƙofa in yi wa mamata sallama, in cire takalmi, in bi tsakanin kaburbura a hankali kada in taka na wani. Akwai safiyar da na tsuguna kusan awa guda a gefen kabarin mahaifina ina jiran wata bushiya ta gama abin da take yi a ƙarƙashin sabara, don in tabbatar nata ne. Ranar ban yi magana da mutum ba sai da la'asar.

Kwalba ɗaya takan ci min safiya guda. In na yi kokwanton dabbar, ba na rubutawa, zubarwa nake. Dakta ta taɓa ce wa ɗalibanta a gabana, "In Malam Sale ya rubuta kurege, to kurege ne." Na rubuta wannan ne don a san irin yardar da aka yi min kafin abin da zan faɗa.

A shekara ta uku ta ce tana son gafiyoyi masu rai, a ajiye su a keji a riƙa ɗibar kashinsu, don a tabbatar da mai shi. Baba ya ƙera kejin da kansa, guda goma sha huɗu, ya jera su a bayan gidansa a ƙarƙashin rumfar kara, kowanne da faranti a ƙasa. Yana ba su gyaɗa da rogo. Har suna ya sa musu. Akwai wata mai ƙiba da yake kira Hajiya Babba.

Daminar shekarar ta yi ruwa sosai. Rijiyar gidan Baba ta rufta, hanyar mota ta yanke kwanaki, kayan da Dakta ta saba aiko min ba su iso ba. Ran da zan ɗebi na kejin na buɗe jaka na ga tsinke biyar suka rage, ruwan maganin ma ya yi ƙasa. Kwalba goma sha huɗu ke jirana, kuma hanya ta buɗe, washegari mai motar da ke kai wa Dakta kula zai wuce.

Na tsaya na yi tunani, don ni ba na yin abu da gaggawa. Na ce a raina, dalilin da ta hana maimaita tsinke shi ne kada kashin wannan ya haɗu da na wancan. To in an wanke fa? Tun ina yaro abin da na sani shi ne ruwa yana tsarkake komai, matuƙar launinsa bai canja ba, ɗanɗanonsa bai canja ba, warinsa bai canja ba. Na ɗauki ƙwarya na gangara kududdufi. Ya cika ya batse da sabon ruwan sama. Na matsa inda ya kwanta, na ɗebo, na ɗaga ƙwaryar na duba, na shinshina, har na ɗanɗana. Ruwa garau. Da shi rabin ƙauyen ke alwala a lokacin.

Kowane tsinke sau uku na wanke shi, na canja ruwa, na sake ukun. Tsakanin kwalba da kwalba ina tsoma su a ƙwaryar, in ciro da danshinsu in ɗebi kashi in juya. Da na zo kwalaben ƙarshe maganin bai isa ya rufe ba, na tuna doka ta biyu, sai na ƙara da ruwan ƙwaryar har ya rufe. Na koma na duba na farkon, duk wadda na ga maganinta bai kai yadda nake so ba, na ɗiga mata. Na rubuta komai da fensir, tsaf. Na tafi gida ina ganin ban taɓa yin aiki mai tsafta kamar na ranar ba.

A cikin makonnin nan ne zawo ya shiga yaran ƙauyen. Ba irin mai kwana biyu ba. Yaro ya yi mako uku yana yi, ciki ya kumbura, wuya ya rame, ya ƙi abinci. Ana kai su asibitin sha-ka-tafi, a ba da gishiri da sukari, ya lafa ya dawo.

Sai Dakta ta kira ni a waya. Ta ce, "Malam Sale, kwalabenka na keji, goma sha ɗaya akwai ƙwayar a ciki. Ban taɓa ganin haka ba. Kada ka faɗa wa kowa tukuna, sai mun sake ɗiba mun tabbatar."

Na riƙe kwana huɗu. Ran na biyar aka binne 'yar maƙwabcina Haruna, yarinyar da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ni na taya haƙa kabarin. Muna dawowa na ce a raina, in wani yaron ya sake mutuwa ina riƙe da wannan magana, me zan faɗa ranar tsayuwa? Ban ko shiga gida ba na wuce wurin mai unguwa na faɗa masa.

Aka aika aka kira Baba Tanko. Ya zo yana jan ƙafa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Zauren cike da mutanen da suka dawo daga jana'iza.

Mai unguwa ya ce, "Tanko, an ce ɓerayen nan da ka tara a bayan gidanka su ne da cutar da ke cin yaranmu."

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina kama gafiya a garin nan. Wa ya faɗa?"

"Yaronka."

Baba ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Sale, kai ka gani da idonka?"

Na ce, "Dakta ce ta gani, Baba. A kwalaben da na ɗiba."

"Kai ka ɗiba da hannunka?"

"Ni na ɗiba."

Ya ce, "To in kai ka ɗiba, haka ne. Ranka ya daɗe, a yi yadda aka ga dama."

Kafin la'asar an kashe gafiyoyin, an tara kejin an cinna wuta. Baba yana zaune a kan turmi yana kallo. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ce ya bar gari. Kawai dai manoma suka daina aikowa. A kasuwa naman da ya ƙyafe ya kwana a faifai. Daddawar Inna Kande, wadda har daga wasu ƙauyuka ake zuwa saye, mata suka ce da hannun da take ba gafiya abinci take murza ta. A masallaci sai ya zamana akwai ɗan fili a damansa da hagunsa. Ni ina tsayawa kusa da shi, amma ni ma ai ba a cika matsowa kusa da ni ba, don haka filin ya zama namu mu biyu.

Dakta ta yi faɗa sosai da ta ji. Ta ce yanzu ba sauran dabbar da za a sake dubawa. Ban gaya mata zancen wankin tsinke ba, don wallahi ban ɗauke shi abin faɗa ba.

Bayan an cire amfanin gona, wata rana na kai kula birni na kwana biyu. Na dawo na tarar da gidan Baba a buɗe, ba tabarma, ba tukunya. Malam Idi maƙwabcinsa ya ce da sassafe suka ɗora kaya a amalanke suka yi hanyar titi, bai faɗi inda za su ba. Ya miƙo min nannaɗin wayar tarko da ƙaramar filayar Baba. Na ce, "Bai bar min saƙo ba?" Ya ce, "Cewa ya yi a gaya maka ka riƙa shafa wa wayar mai, damina tana cin ta."

Zawon bai tsaya da ƙona kejin ba. Sai da kududdufi ya ƙafe sannan ya tsaya. Na lura da haka, na kuma ƙi yarda da abin da na lura. Da damina ta zagayo, babu Baba, babu keji, zawon ya dawo.

A wannan daminar ce Dakta ta ce in zo ɗakin bincikensu. Gafiyoyin da na riƙa ɗibar kashinsu a gonakin ƙauyen bayan nan, da sabon tsinke, ɗaiɗai ne a cikinsu ke da ƙwayar. Abin ya dame ta. Ta zaunar da ni ta ce, "Malam Sale, ka ba ni labarin ranar kejin tun daga fitowarka gida. Kada ka tsallake komai."

Na fara. Da na zo wurin ƙwarya, har da ɗan alfahari na faɗa mata sau nawa na wanke. Ta ajiye bironta.

"Da wane ruwa?"

"Na kududdufi. Amma mai tsarki ne, Dakta, na duba launinsa, na..."

"Kududdufin da yara ke wanka? Da maruƙa ke sha? Da ruwan bayan gidaje ke gangarawa?"

Na ce shi ne.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ba ni manyan kwalabe ta ce in koma in ciko su daga wurin da na ɗiba a bara. Bayan mako guda na dawo, ta ɗiga abin da ta tace daga ruwan a kan ɗan gilashi, ta sa a madubin, ta ce in leƙa. Shekara huɗu ina yi wa wannan abu aiki, ranar na fara ganinsa. Kamar ƙwayar riɗi, a kwance, da ɗan zane a ciki. Ta ce sunanta jiyadiya. Ta ce in ta fito daga cikin mutum ko dabba tana cikin ɓawo, takan yi makonni a ruwa ba ta mutu ba, kuma ba ta canja wa ruwa launi ko ɗanɗano ko wari.

Na ce, "Kenan gafiyoyin Baba ba su da ita?"

Ta ce, "Ban sani ba. Mai yiwuwa wasu suna da ita, mai yiwuwa duk daga ƙwaryarka ce. Ba wanda zai taɓa sani. Abin da na sani shi ne yaran daga ruwan nan suke sha." Ta buɗe babban littafinta, ta ɗauki jan biro, ta soke layi goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye.

Ba ta kore ni ba. Na ci gaba da aikin har shekara tara bayan nan, da ita da waɗanda suka biyo bayanta, har binciken ya ƙare. Daga ranar nakan ƙirga tsinke kafin in kwanta, in sake ƙirgawa kafin in fita. In sun gaza ko da ɗaya ne, kwalba ɗaya ta dawo ba komai.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, na miƙe a masallaci na faɗi komai, tun daga ƙwarya har jan biro. Mutane suka saurara. Aka yi shawarar a riƙa tafasa ruwan yara, aka kewaye gefen kududdufin da ƙaya saboda dabbobi, daga baya aka samu famfon tuƙa-tuƙa. Wannan ya yi amfani, na gode wa Allah. Amma da na ce to Baba Tanko fa, sai wani dattijo ya ce, "Ai Tanko da ƙafarsa ya tafi, wa ya kore shi?" Aka shafa fatiha aka watse.

Na bi liman gida. Na ce, "Malam, ruwan nan ba mai tsarki ba ne?" Ya ce, "Mai tsarki ne, Sale. Duk sallar da ka yi da alwalarsa ta yi. Tsarkin salla daban, abin da likita ke nema daban, kuma ba ka yi da gangan ba." Na ce, "To hakkin Baba?" Ya ce, "Wannan ba ni zan yafe maka ba."

Tun daga lokacin nake nemansa. Na je garin dangin Inna Kande, suka ce rabonsu da ita tun kafin abin. Na bi kasuwanni ina tsayawa a layin masu kaji da masu ƙyafaffen nama. Sau ɗaya kawai na sami alama. Shekara biyar da suka wuce aiki ya kai ni wata gonar gyaɗa a ƙasar Tofa, ina bin shinge sai na ga tarkon waya a bakin ramin kurege. Na tsuguna. An nannaɗe sau biyu, an mayar da bakin baya, an lanƙwasa ƙarshen kamar ƙugiya. Na jira mai gonar har azahar. Ya ce a kasuwa ya saya, wurin wani tsoho mai jan ƙafa, amma ya kwana biyu bai gan shi ba, bai ma san sunansa ba. Na yi ta komawa kasuwar har mako bakwai. Bai zo ba.

Ga roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa gare shi, musamman mutanen Tofa da kewaye. Sunansa Tanko, ana ce masa mai tarko. Dogo ne, baƙi, yana jan ƙafar hagu, babban yatsansa na dama ba farce, gafiya ce ta cire. In yana raye ya haura tamanin. Matarsa Kande, mai daddawa. Wanda ya san inda suke, ko ya ga irin ɗaurin wayar da na kwatanta a gonarsa ko a hannun wani, ya bar min saƙo a layin masu kaji na kasuwar Tsanyawa, a ce na Sale mai kwalabe ne. Ina zuwa duk ranar kasuwa.

In kuwa ya rasu, a nuna min maƙabartar kawai, na iya shiga. In yana raye amma ba ya son ganina, ba zan matsa ba. A karanta masa wannan kaɗai: Baba, ni na ɗiba da hannuna, amma ba haka ba ne. Wayar tana nan, ina shafa mata mai.